Baƙar Inna Habsu

Har yau ban manta da Lahadin da wata tsohuwa daga Afala ta tsaya bakin rumfata, a gaban jama'ar kasuwa, ta ce na musanya mata azurfa ba. Kun san ni, Illa ne, a layin maƙeran azurfa na nan Tawa na yi furfura. Abin da ya sa na tono maganar shi ne, kwanan nan na ga ɗayanku ya karɓi wata tsohuwar munduwa, mai ita ba ta gama zama ba ya riga ya jefa ta cikin ruwan tsami. Na yi salati. Shi kuwa sai murmushi yake, a ganinsa ya nuna himma.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in fara da yadda muke aiki. Maƙerin azurfa yawanci da ƙarfen mutane yake aiki. Mace ta miƙo maka 'yan kunnen uwarta, ta juya ta tafi cefane, ba shaida sai Allah. Shi ya sa ƙa'ida ita ce ka ɗora abu a ma'auni a gaban mai shi ku gani tare, in ka gama aiki ku sake ɗorawa. Muna kuma da Sarkin Maƙera mai raba rigimar layi, a lokacin Alhaji Alhasan ne, Allah ya jiƙansa. In an kama mutum ya ƙara tagulla cikin azurfa, akan ja masa kunne, ya gyara. In kuwa musanya ce, wato ya riƙe abin mutum ya ba shi wani a madadinsa, to babu zancen jan kunne. Masabarsa da awartakinsa zai kwashe ya bar layi, kuma labarin zai riga shi isa kowace kasuwa ta Adar.

Cikin damina ne, ranar Lahadi, kasuwa ta cika. Tsohuwar, Inna Habsu, doguwa ce mai baƙin zane, shuni ya rine mata wuya da yatsu. Ta zauna bisa bencina, ta sa hannu cikin riga ta zaro wani abu mai faɗin tafin jariri. Ƙarfe ne a cikin gidan fata. Badukun da ya yi aikin ya rufe bayansa gaba ɗaya, ya naɗo bakin fatar ya ɗinke, ya bar fuska ɗaya a buɗe. Fuskar nan baƙa ce ƙirin, sumul, ba ka ganin ko ɗigo a jikinta. Fatar kuwa ta bushe ta tsattsage, maratayar ta kusa tsinkewa.

"Wagga ita ta Baƙa," ta ce. "Kakata tab bar ma uwata, uwata tab bar min. Yanzu jikata ta haihu, an ba ni takwara. Hwatag ga ta mutu. Ka hidda ta, ka sa ma ƙarhen kunne na azurhwa, in kai ma jikata ta aje ma yarinya."

Na ce to, Inna. Na ɗora ta a ma'auni da fatarta da komai, domin motar Afala na shirin tashi, ita kuma tana ta waige. Muka yi da ita ta dawo Lahadi mai zuwa.

Washegari na zauna na yanke ɗinkin, fatar ta faɗi ƙasa, ban ko bi ta da kallo ba. A bayan ƙarfen, inda fata ta rufe, na hangi alamar mutum cikin datti, na gane tsohon kuɗi ne. Wannan bai ba ni mamaki ba, mun saba da liyari mai kan macen nan da mata ke ratayawa. Sai dai wannan ba liyari ba ce. Ta fi sirantaka, zagayenta a karkace, ga tsaga a baki ɗaya, kuma da na jefa ta bisa uwar maƙera kukanta bai kai na liyari tsabta ba.

Kun sani, sinadarin liƙi ba ya kama datti. Kafin ka liƙa kunne, wato ɗan zoben ratayawa, dole ka ba ƙarfe wuta, bayan liƙi ka dafa shi cikin ruwan tsamiya, ka goge da toka. Haka aka koya mini, haka aka koya wa wanda ya koya mini. Da na ba ta wuta sai baƙin nan ya riƙa ƙonewa yana warin man shanu da hayaƙi. Na liƙa kunnen, na dafa, na goge. Sai ga ta fari tas. A fuskar da ke baƙa a da, ga wata dabba tsaye bisa ƙafafun baya, harshe waje, rubutun boko ya kewaye ta. A ɗaya fuskar ga mutum cikin rigar ƙarfe, da hular ƙarfe mai gashin tsuntsu, garkuwa a gabansa. Wallahi daɗi na ji. Har zagaya layi na yi ina nuna wa maƙwabta, suna cewa, "Kai, Illa, ina kas samo wagga?" Ni kuwa don son a yaba, maimakon in ce ta wata tsohuwa ce, sai in yi dariya in wuce.

Lahadi ta zagayo, Inna Habsu ta dawo tare da ɗanta Mahamadu, direban babbar mota, mutum mai ƙiba da babbar murya. Na shimfiɗa ƙyalle, na ɗora ƙarfen yana walƙiya, ina jiran sa albarka. Ta dube shi, ta dube ni. Ko hannu ba ta miƙa ba.

"Ina tawa?"

"Ga ta nan, Inna."

"Wagga hwara ta. Tawa baƙa ta. Kuma tawa ba ta da kare."

"Zaki na, Inna. Wanke ta niy yi."

"Ko mi na na. Tun ina amarya nika salla da ita bisa ƙirjina. In da akwai kare, da ban sani ba?"

Na ce a ɗora a ma'auni. Ban san da hannuna nake ƙara wa kaina tsiya ba. Fata ta tafi, datti ya ƙone, ɗan kunnen da na liƙa bai cike gurbinsu ba, sai ma'auni ya nuna ta ragu. Mahamadu ya ɗaga murya, ya ce in ban fito da ta uwarsa ba komisariya, wajen 'yan sanda, za mu kwana. Mutane suka taru. Wani daga cikin maƙwabtan da na nuna wa, ba da mugun nufi ba, ya ce ai kuwa ya ga Illa yana yawo da ita, da aka tambaye shi inda ya samo bai faɗa ba.

Sarkin Maƙera ya iso. Bai yi dogon zance ba. Ya ɗauki ƙarfen ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya roƙi Mahamadu ya bar maganar komisariya tukuna, ya ce a haɗu a zaurensa ran Talata da hantsi. Sa'an nan ya juyo gare ni.

"Illa, ruhe rumhwa. Miƙo makulli."

Tun da na fara ƙira ba a taɓa karɓar makullina ba. Na rufe, na miƙa, na bi ta bayan layi zuwa gida don kada in haɗa ido da kowa.

Ranakun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Litinin da safe wata mata da ta bar mini warwaro ta aiko har gida, wai ta fasa gyaran, in an buɗe rumfa a mayar mata. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Na zauna ina juya abin a raina. Ba ni da shaida. Ba wanda ya ga lokacin da na yanke fatar. In an ce in rantse zan rantse, kuma na san Alhaji Alhasan zai karɓa, amma na san mutanenmu. Za a ce Illa ya rantse, a yi shiru, sa'an nan kowace mace ta kai 'yan kunnenta rumfa ta gaba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san tsohuwar ba sharri take yi mini ba. Tsakaninta da Allah ba ta gane abinta ba.

Ran Talata na tarar da su a zaure: Sarki, Inna Habsu da ɗanta, da wasu dattawan layi. Akwai kuma wani baƙo da Sarki ya gayyato, Mushe Idi, kamar yadda muke kiran malaman boko, tsohon malamin tarihi a lise, wato babbar sakandare, wanda aka san shi da son tsofaffin kuɗaɗe. Sarki ya kwance ƙarfen ya miƙa masa. Malamin ya fito da gilashin ƙara girma, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana juyawa.

Ya ce kuɗin mutanen Holan ne, ya haura shekara ɗari uku. Shekarar bugawa tana jikin rubutun da ya kewaye zakin, amma rabinta ya faɗa bayan bakin ƙarfen, farkonta kaɗai ake gani. Ya ce irinsu sun yi yawo ƙwarai a ƙasashen Larabawa da Turkawa, bai yi mamaki ba in ayari ya ƙetaro da ɗaya har Adar. Ya ƙara da cewa Larabawan ma da kare suka riƙa kiran zakin nan.

"Kun ji ko," in ji Inna Habsu. "Ni dai na ce kare na."

Mahamadu ya gyara zama. "Mushe, guda nawa anka buga? Ita ɗai ta cikin duniya?"

"A'a. An buga su da yawa ƙwarai, don hwatauci anka yi su."

"To kun gani. Maƙeri da ka sayen tsohuwar azurhwa kullum, mi zai hana shi samun irinta? Shi riƙe ta tsohuwa, shi ba ta wagga."

Malamin da nake fata zai cece ni, ga shi ya ba su igiyar ɗaure ni.

Amma Mushe Idi bai gama ba. Ya ce a saurara, waɗannan ba inji ya buga su ba kamar kuɗin yanzu, maƙera ne irinmu. Ana sassaƙa zane a kan ƙarfe biyu masu tauri, kamar hatimi. A kafa ɗaya a ƙasa, a ɗora falle na azurfa, a riƙe ɗayan a sama, mutum ya ɗaga masaba ya maka. In fallen bai zauna daidai tsakiya ba, rubutu ya yanke ta gefe ɗaya. In hatimin ya yi tsalle aka ƙara bugu, zane ya fito biyu-biyu. In azurfar ta yi tauri, baki ya tsage. Ya riƙa nuna mana da tsinke: ga inda haruffa suka yanke a wuyansu, ga kafaɗar mai rigar ƙarfe ta fito sau biyu, ga tsagar. Ni da na goge abin nan da hannuna ban lura da kafaɗar ba.

"Saboda haka," ya ce, "ko da hatimi guda anka buga dubu, ba biyu da za su zama daidai. Da akwai hoton ta Inna, ko wata alama da tab bari, da yanzu mun raba gardama."

"Wane hoto?" in ji Inna Habsu. "Abin da ka cikin riga?"

A nan ne fatar ta faɗo mini a rai. Duk wanda ya zauna kusa da dukawa ya san a jiƙe suke ɗinka fata a kan abu, in ta bushe ta kama shi gam. Ƙarfen nan ya kwanta a kanta tun zamanin kakar tsohuwa. Na ce, "Sarki, hwatar. Hwatar da niy yanke."

"Tana ina?"

A sana'armu ba a zubar da sharar rumfa, domin garin azurfar da magagari ke ci yana cikinta. Tara ta muke a buhu, in ta taru mu ƙona a kasko, mu wanke tokar mu tace azurfar. Ran Asabar, jajibirin dawowar Inna, na fara ƙona tawa. Na zuba kamar rabin buhun a wuta, hadari ya taso, ruwa ya sauko, na ja sauran ciki. Ko fatar tana rabin da ya ƙone, ko tana rabin da ya rage, wallahi ban sani ba. Haka na faɗa musu.

Mahamadu ya ce ba zan je ni kaɗai ba. Sarki ya ce dama makulli na hannunsa tun Lahadi, kowa ya tashi. Muka bi titi a jere, tsohuwa a tsakiya, mutane na kallo. Hanyar da nake bi kullum ce, amma ranar na ga tsawonta. Ina tafe ina tuna warin hayaƙin Asabar, ina tambayar kaina ko na ji ƙaurin fata a ciki. Wani lokaci in ce na ji, wani lokaci in ce tsumma ne.

Sarki ya buɗe rumfar. Ya ce ni in tsaya waje, Mahamadu ya juye buhun da kansa. Ya juye a bisa tabarma: gawayi, ƙasa, guntayen tsumma, ɓawon gyaɗa. Ya riƙa tonawa da yatsu, yana ture wannan yana ture wancan. Tarin ya kusa ƙarewa, ni kuwa na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai tsohuwa ta nuna da sandarta can gefe, inda wani abu ya gangara.

"Ɗauko wancan."

Fatar ce, ta nannaɗe, ta yi baƙi da gawayi. Inna Habsu ta karɓa, ta hure, ta juya ta. A gefe ɗaya akwai ɗinki na jan zare, dabam da sauran.

"Uwata tay yi wanga ɗumki," ta ce. "Ina zamne ina kallo."

Mushe Idi ya roƙa ta ba shi. Ya buɗe ta a hankali don kada ta karye, ya karkata cikinta wajen rana. Ga mutumin nan mai rigar ƙarfe kwance a jikin fata, a juye, dama ta koma hagu. Ga haruffan sun yanke a wuyansu daidai inda suka yanke a ƙarfe. Ga kafaɗa biyu. Inda tsagar take, fatar ta kutsa ciki ta bar ɗan tudu siriri. Ya nuna wa Mahamadu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya sa farce ya danna fatar ya ga ko za ta karɓi sabon sawu. Ta bushe kamar ƙashi.

Tsohuwa ba ta kula da bayaninsu ba. Ta miƙa hannu Sarki ya ba ta ƙarfen. Ta ɗora shi cikin fatar, bai zauna ba. Ta juya shi kaɗan, ta ƙara juyawa, har tsaga ta haɗu da tudu. Sai ya faɗa ciki ya zauna, kunnen da na liƙa ne kaɗai ya leƙo waje.

"Ita ta," ta ce.

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Sarki ya miƙo mini makulli a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji, ya ce Illa bai ci amana ba. Mahamadu ya zo ya kama hannuna, ya ce in yafe, uwa ce. Na ce ba komai, ko da yake raina bai gama hucewa ba.

Na zaci magana ta ƙare. Inna Habsu tana zaune bisa bencina, ƙarfen a tafinta. Ta tambayi Mushe Idi abin da aka rubuta kewaye da dabbar. Ya ce Latinanci ne, ma'anarsa wanda ya dogara ga Ubangiji ba ya girgiza. Ta jinjina kai, ta ce to wannan magana ce, amma wanda ya zana zakin bai taɓa ganin zaki ba. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juyo gare ni.

"Ɗana, ba ka yi sata ba, na gani. Amma baƙin da kaƙ ƙone, ka san ko mi na? Shunin kakata na. Man kitson uwata na, da zuhwata. Mu ukku nis so in kai ma takwarata. Yanzu mi za ni kai mata? Karen Nasara?"

Ta nemi zare, na ba ta, ta zura a kunnen ta rataya a wuyanta, ta tura cikin riga. Fatar kuma ta ƙulle a bakin zane. Ta ce yarinya ta jira tukuna, za ta riƙe abinta ta ga iyakar baƙin da sauran kwananta zai iya mayarwa.

Har yau ban ce na karya ƙa'ida ba. Wuta da tsamiya da toka, haka ake yi, kuma duk maƙerin da ke layin nan haka zai yi. Amma akwai wata hanya, na kuma san ta tun a lokacin: a ƙera zobe na azurfa dabam, da kunnensa, a naɗe bakinsa a kan ƙarfen a sanyi, ba wuta ba wanki. Ban yi tunaninta ba domin mu maƙera mun ɗauka duk wanda ya kawo azurfa fara yake son ya gan ta. Tun daga ranar, in an kawo mini tsohon abu, a gaban mai shi nake raba shi da fatarsa, in miƙa masa fatar, in juya masa fuska da baya ya gani. Sa'an nan in tambaya, a wanke ko a bari? Za ku yi mamakin yawan masu cewa a bari.

Bayan wasu shekaru Mahamadu ya tsaya da motarsa bakin kasuwa, ya zo da wata yarinya 'yar firamare. Ya ce Inna ta rasu lokacin kaka, wannan ce takwarar, sarƙa suke so a sa mata. Ya kwance ƙyalle. Azurfar ta dushe, shuni ya fara cika tsakanin haruffa, ƙafafun zakin sun soma ɓacewa, amma har yanzu ana ganin harshensa. Nan Inna ta iya kaiwa.

Yarinyar ta leƙa, ta ce mini, "Baba, ta yi dauɗa. A wanke min."

Na zura sarƙar a kunnen, ban ko goge ta da gefen rigata ba. Na rataya mata, na ce, "Ba dauɗa ta ba, kakarki ta, ɗiyata. Ƙara naki bisa."